Takardar da Ta Daina Fitowa

Ranar Laraba aka dakatar da Baba Sito daga aiki. Injiniya tana ofishinta a hawa na biyu, tana shan shayin da ya riga ya huce, Dogo ya shigo da labarin tun kafin ya ajiye jakarsa. Abokin aikinta ne a sashen kwamfuta, shekara shida teburinsu na kallon juna, kuma ba a taɓa yin abu a ginin nan ya kai azahar bai ji ba.

"Kin ji abin da ya sami tsohon nan na ƙasa?"

"Wane tsoho?"

"Tsofaffi nawa gare mu a sito? Baba mana. An dakatar da shi. Ba kora ba ce tukuna, amma ai ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Kamfanin nasu magunguna yake rarrabawa. Manyan motoci su kawo, a jera a sito, ƙanana su kwasa su kai asibitoci da shagunan magani. Abin da ya faru shi ne, katan arba'in da biyu na maganin zazzaɓin yara, na ruwa, sun fita zuwa asibitoci uku bayan wa'adinsu ya ƙare da kwana goma sha ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta juya kwalba ta gani. An dawo da katan arba'in a rufe, biyu an riga an buɗe su. Ba yaron da ya cutu. Amma hukumar da ke sa ido kan magunguna ta aiko da wasiƙa, kuma wasiƙar sunan mutum take nema. Baba Sito ya shekara ashirin da shida yana riƙe da makullan wurin. Saura shekara biyu ya ajiye su da mutuncinsa.

"Shi me ya ce?" ta tambaya.

"Wai takarda ba ta fito ba."

"Wace takarda kuma?"

"Ni ma abin da na ce ke nan. Wai duk Litinin da safe firintar sito tana fitar masa da takarda da kanta, ba wanda ya taɓa ta, in akwai maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. In babu, ba ta fitar da komai. Wai sati bakwai ke nan ba ta fitar ba, shi kuma ya ɗauka lafiya ce ta kawo shirun." Dogo ya kwashe da dariya. "Firinta mai aljanu! Ni da ita za ta riƙa rubuta mini rahoton wata, da na huta."

Injiniya ta ajiye kofin. Ba sai ta duba kalanda ba. Sati bakwai da suka wuce, ranar Asabar, ita ce ta jagoranci ƙaurar manhajojin kamfanin zuwa sabon mazauni.

Manhajojin kamfanin, ta karɓar oda da ta sito da ta direbobi da sauransu, ba a iska suke zaune ba. Akwai wata babbar manhaja da ke ɗauke da su, tana ba su wuta da ruwa kamar mai gidan haya, ita ake kira saba. Tasu tsohuwar irin buɗaɗɗun nan ce da ba a saye, masu sa kai a ƙasashe daban-daban ke rubutawa suna gyarawa. Masu sa kan suka watse, aka daina fitar mata da gyara. Sai kamfani ya yanke a koma wata, ita ma buɗaɗɗiya, wadda har yanzu take da jini a jika. Wata biyar Injiniya ta yi tana shirin kwashe kayan.

Abubuwa sittin da uku ta tarar a cikin tsohuwar, wasu manhajoji ne sosai, wasu tarkacen shekaru. Ba lokacin kwashe su duka, don haka ta kafa ƙa'ida: a duba rajistar masu shiga, duk abin da ba wanda ya buɗe shi cikin kwana casa'in, a bar shi a nan. Manaja ya ji daɗin ƙa'idar har ya maimaita ta a taron shugabanni kamar shi ya haife ta. Aka kwashe arba'in da ɗaya, aka bar ashirin da biyu. A cikin waɗanda aka bari akwai wani ɗan abu da ba ya cikin kowace manhaja, a cikin saitin ita sabar kanta yake maƙale. Sunansa kalma ɗaya: litinin. Kawu ne ya dasa shi, mutumin da ya gina tsarin shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya yi ritaya ya koma kiwon kifi. Rajista ta nuna ba a taɓa buɗe abin ba, ba kwana casa'in ba, tun da aka halicce shi.

Ta tuna Dogo ya ce, "Ko mu kira Kawu?"

Ta tuna amsarta, kalma bayan kalma. "In za mu kira Kawu a kan kowane layi, sai baɗi mu tashi." Ta rubuta matacce a gefensa, ta wuce na gaba.

Ta jira Dogo ya fita cin abinci, sannan ta sauka ɗakin sanyi inda na'urorin suke. Tsohuwar sabar tana nan a kunne a ƙasan kantar na'urori, an yanke ta daga komai, ana jiran Juma'ar sama a goge ta. Ta jona kwamfutarta, ta buɗe litinin. Layi tara ne. Ba abin da mutum ke shiga ba ne, shi ya sa ba ya da baƙi. Shi ke tashin kansa ƙarfe shida na safiyar Litinin, ya tambayi rumbun bayanai wane magani ne ya rage masa ƙasa da kwana talatin, in ya samu ya aika wa firintar sito, in bai samu ba ya koma barci. Ta buɗe rajistar da sabar ke rubuta abin da ta yi da kanta, wadda ba ta duba ba a wata biyar ɗin nan domin ƙa'idarta ba ta ce a duba ba. Layi bakwai a jere, kowane Litinin ƙarfe shida daidai. An nemi rumbu, ba a samu ba. An nemi rumbu, ba a samu ba.

Sanyin ɗakin ya fara cin yatsunta. Ta koma sama, ta kwafe layukan tara, ta juya su yadda sabuwar sabar za ta gane. Minti arba'in ya ɗauke ta. Da ta gwada a allonta, sai ga wasu magunguna uku da suka kusa, ɗaya saura kwana goma sha tara. Wannan ya ba ta hujja. In rufin ɗaki na yoyo, ai toshewa ake fara yi kafin a nemi wanda ya taka kwanon. Ta dasa abin a sabuwar sabar, ta ce wa kanta gobe da safe za ta sami Manaja ta gaya masa komai.

Da safen ta je. Har ta ƙwanƙwasa.

"Injiniya! Shigo, shigo, kamar kin san ke nake nema." Manaja mutum ne mai son labari mai daɗi ya fito daga bakinsa. Ya ce masu kamfani sun karanta rahoton ƙaurar, sun ce ba su taɓa ganin an canza saba ba tare da an rufe aiki ko na awa ɗaya ba. Ya ce rassan nan biyu na waje su ma za a kwashe nasu, kuma ita za a ba ragamar. Ya ce da kowa na aiki kamarta da bai sami ciwon kan nan na sito ba. "Ke me ya kawo ki?"

"Gaisuwa ce, yallaɓai. Na gode."

Ta fito ta tsaya a baranda tana kallon ƙananan motoci suna lodi. Ta ce Juma'a. Juma'a Manaja bai zo ba. Ta ce Litinin.

Ranar Litinin ƙarfe shida firintar sito ta tashi da kanta ta fitar da takarda. Mataimakin Baba Sito, wanda aka ba riƙon ƙwarya, ya tarar da ita a kan tire, magunguna uku a jere. Mutum ne mai tsoron a ce ya ɓoye wani abu, don haka ya kai ta sashen ma'aikata kafin ya sha ruwa.

Kwamitin bincike ya zauna Talata a ƙaramin ɗakin taro. Mutum uku ne, shugabarsu matar sashen ma'aikata da kowa ke kira Anti, har waɗanda suka girme ta. Baba Sito yana can ƙarshen tebur, ya sa rigar da ba ta aiki ba, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa. An kira Injiniya a matsayin mai bayanin na'ura. An ce mata minti biyar ne.

Anti ta tura mata takardar. "Kin san wannan?"

"Na sani."

"Baba ya ce tun da kuka canza na'ura ta daina fitowa. Ga ta kuma ta fito jiya. Ni ban san kan abinku ba, ki amsa mini da Hausar da zan gane. Abin da ke fitar da takardar nan, yana cikin sabuwar sabar?"

"Yana ciki."

"Yana aiki?"

"Yana aiki."

Anti ta rubuta. Na damanta ya rubuta. Injiniya ta zauna tana jiran tambaya ta uku, wadda kowane mai aikin kwamfuta zai yi ba tare da ya yi tunani ba: tun yaushe? Da an yi, da ta amsa. Ta gaya wa kanta haka a lokacin, ta kuma gaya wa kanta sau da yawa daga baya. Amma a teburin babu mai aikin kwamfuta sai ita.

"To, mun gode, Injiniya. Kina iya tafiya."

Baba Sito ya miƙa hannu ya jawo takardar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya juya bayanta ya duba kamar wani abu zai fito a can.

A kan matakala ya same ta bayan an tashi. Ta ji takunsa, ta so ta ƙara sauri, sai kuma ta tsaya.

"'Yata."

"Na'am, Baba."

"Ki yi haƙuri na jawo ki cikin maganar nan. Ba nufina in ɓata miki aiki ba." Ya dafa ƙarfen matakalar yana maida numfashi. "Ni dai da na rantse ba ta fito ba. Duk Litinin kafin in cire hula nake duba tiren nan. Amma tunda kin ce yana aiki, to yana aiki. Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, na'ura kuma ba ta san ni ba balle ta ƙi ni. Wataƙila na haɗa ta da takardun direbobi. Ko na gani na manta. Girma ya zo, 'yata, ba ya sallama. Jiya na kwana ina lissafin abubuwan da na manta a shekarar nan, na tarar suna da yawa. Har makullin gida na taɓa bari a jikin ƙofa."

"Baba, kowa yana mantuwa."

"Ba da maganin yara ba." Ya gyara hularsa. "Ki gaida maigidan da 'yan biyu."

Ta tsaya har ya kai ƙasa. Mai gadi ya miƙe masa kamar kullum, sai kuma ya tuna an dakatar da shi, ya miƙa masa littafin baƙi ya sa hannu.

Laraba ta yi aiki kamar an biyo ta da bulala. Ta amsa imel ɗin da suka yi wata suna jira. Ta gyara wa sashen direbobi wani abu da ba su ma kai ƙara ba. Dogo ya kawo labari cewa Anti ta gama rubuta rahoto, Manaja zai sa hannu a takardar korar ranar Litinin. Ya faɗa ba tare da dariya ba, bai kuma dube ta ba.

Safiyar Alhamis maigidanta, malamin lissafi a makarantar sakandare, yana guga a falo. 'Yan biyu suna ɗaki suna faɗa a kan safa ɗaya da kowanne ya rantse tasa ce. Ita tana tsaye da buta a hannu, ruwan ya tafasa tun tuni.

"Malam, in tambaye ka. A ce wata ta yi kuskure a wurin aiki, aka ɗora wa wani."

"Wata."

"Eh, wata."

"Watan nan tana da 'yan biyu, kuma sati guda ke nan tana zuba gishiri a shayi?"

Ta ajiye butar. Ta gaya masa, tun daga ƙa'idar kwana casa'in har zuwa matakala. Ba ta rage komai ba, har da na gode ɗin da ta ce wa Manaja. Ya kashe dutsen guga ya jingine shi.

"In kin faɗa, me za su yi miki?"

"Za su cire ni daga aikin rassa. Wataƙila su aika da sunana hukuma. Wataƙila fiye."

"Kora?"

"Ban sani ba."

"In ba ki faɗa ba, shi fa?"

"Kora. Litinin."

"To. Ni malamin lissafi ne, amma wannan ba sai na ɗauko alli ba." Ya ɗaga rigar ya duba wuyanta. "Kada kuma ki ga kamar ni jarumi ne. Tun da kika ce ban sani ba tsoro ya kama ni. Albashina kin san inda yake tsayawa. Amma tsohon nan shi ya kawo mana katifar jarirai da motarsa ranar da aka sallame ki daga asibiti, ni ina ta neman tasi. Ba zan iya haɗuwa da shi a hanya ba."

"Na san abin da ya kamata, Malam. Tun Larabar farko na sani."

"Ai ban ce ba ki sani ba."

Daga ɗaki ɗaya ya fasa kuka. Ta tafi raba faɗan safa. Ranar ma ba ta je wurin Manaja ba.

Juma'a ƙarfe goma aka sa za a goge tsohuwar sabar. Dogo ya riga ta sauka ɗakin sanyi, ya sa rigar sanyinsa mai tsagaggen aljihu, ya ɗora takardar izini a kan tebur da biro a kai. Ƙa'ida ce sai shugaban aiki ya sa hannu kafin a goge. Umarni ɗaya ne, minti ashirin, komai ya tafi: tarkacen ashirin da biyu, da layukan Kawu, da rajistar da ke nuna ranakun da aka nemi rumbu ba a samu ba. Bayan nan ba abin da zai rage sai sabuwar sabar, wadda abin yake ciki, yana kuma aiki.

"Ranki ya daɗe, sa hannu mu yi wa tsohuwa sutura," in ji Dogo. "Ta yi shekara goma sha huɗu, ba ta ci amanar kowa ba."

Ta ɗauki biron. Ta karanta takardar, duk da ita ta tsara ta. Ta ajiye biron, ta jona kwamfutarta, ta juya masa allon. Layukan sun zama takwas, domin Litinin ɗin da ta wuce ma tsohuwar ta tashi ƙarfe shida ta nema.

Dogo ya duba, bai matso ba.

"Na gani," ya ce.

"Yaushe?"

"Talata da yamma. Da na ji abin da kika ce a kwamiti na buɗe sabuwar. Kwanan watan fayil ɗin yana nan, Larabar da aka dakatar da shi, ƙarfe biyu da rabi. Ko ɓoyewa ba ki yi ba."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Na yi shiru." Ya sa hannu a tsagaggen aljihun. "Takardar matattun nan hannu biyu ne a ƙasanta, naki da nawa. Na ce mu kira Kawu, kika ce a'a, ni kuma na ji daɗi don ba na son dogon surutunsa na kifi. Sai na ce bari in ga abin da za ki yi. Kin ga ai jira ya fi sauƙi."

"Da na sa hannu yanzu fa?"

Ya dubi takardar izinin. Fankokin na'urori suna ta huci.

"Da na goge," ya ce. "Ina jin da na goge."

Ta kwafe rajistar da layukan tara. Ta hau sama ta rubuta imel, gajere, kamar yadda take rubuta rahoton matsala: abin da ya faru, ranar da ya faru, wanda ya yi. Sakin layi na uku ya fi ba ta wuya. Ta rubuta cewa ranar Laraba ta gano, ranar ta dasa abin a sabuwar sabar, kuma amsar da ta ba kwamiti gaskiya ce a baki amma ta san abin da za su fahimta da ita. Ta sa sunayen 'yan kwamiti uku da na Manaja. Ta aika kafin ta miƙe, domin ta riga ta san abin da ƙofar Manaja ke yi wa bakinta.

Manaja ya karanta kafin ta isa ofishinsa. Bai ce ta zauna ba.

"Me ya hana ki zo mini ni kaɗai? Da mun san yadda za mu yi. Yanzu kin watsa wa mutum huɗu, ba ya dawowa."

"Na zo, yallaɓai. Alhamis ɗin waccan."

"Kika ce me?"

"Na ce na gode."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce barin abin a baya kuskure ne da kowa zai iya yi, shi kansa ya yabi ƙa'idar a gaban mutane. Ya ce amma zama a gaban kwamiti, tsoho yana kallonta, wannan ba kuskure ba ne, sunansa daban. Ta ce haka ne. Ya ce kuma kada ta ɗauka Baba ya fita fes, mai sito da ido aka ɗauke shi aiki, ba da firinta ba, katan arba'in da biyu sun wuce ta gabansa bai juya kwalba ɗaya ba. Ta ce wannan tsakaninsu ne da shi, amma takardar ba ta fito ba, kuma shi ya faɗa tun ranar farko.

Kwamitin ya sake zama ƙarfe uku, minti ashirin da biyar. Anti ta fito da sakamakon a rubuce da hannu. An janye dakatarwar Baba Sito, zai dawo Litinin, da takardar gargaɗi a kan rashin duba kaya da ido. An cire Injiniya daga shugabancin aikin, rassa biyu za a nemo wani daga waje. Wasiƙar da za a mayar wa hukuma za ta ɗauki sunan sashen kwamfuta da nata. Maganar abin da ta faɗa wa kwamiti kuma an tura wa masu kamfani, su za su yanke, ba a sa rana ba. An hana goge tsohuwar sabar sai abin da hali ya yi.

"Zan kira Baba yanzu," in ji Anti. Ba ta ɗaga kai daga takardunta ba.

"Anti, ki gaya masa ya dawo aiki. Sauran ki bar mini, don Allah."

Anti ta dube ta a karo na farko tun shigowarta. "Ke kika sani."

Asabar da hantsi ta je. Gidan yana ƙarshen wani layi da kwalta ta ƙare kafin ta kai shi, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, da tukwanen fulawa biyu da aka yi da tsofaffin bokitai. Baba Sito yana waje a kan benci, ya kifa kujera yana ɗaure mata ƙafa da waya. Ya miƙe da fara'a.

"A'a, 'yata! Ke ce da kanki? Anti ta kira ni jiya, wai na'urar ce ashe. Na ce ai na san Injiniya ba za ta bari ba sai ta tono. Zauna, zauna, bari a kawo ruwa."

"Baba, kada a kawo tukuna."

Ba ta zauna ba. Ta faɗa a tsaye, jakarta a hannu. Ta ce ita ta bar abin a baya. Ta ce ba tonowa ta yi jiya ba, ta daɗe da sani. Ta ce takardar da aka ajiye a gabansa ranar Talata, ita ta sa ta fito, kuma da Anti ta tambaye ta, ta amsa abin da aka tambaya ta haɗiye sauran.

Fara'ar ba ta tafi lokaci ɗaya ba. Ya koma ya zauna a hankali, ya ɗauki filaya, ya ajiye.

"Yaushe kika sani?"

"Ranar da aka dakatar da kai."

Ya lissafa da yatsu, leɓensa na motsi. "Kwana goma ke nan."

"Eh."

"Da muka tsaya a matakala, kin sani."

"Na sani, Baba."

Wata mota ta wuce a bakin layin. Daga cikin gida ana jin ƙarar kwanuka da muryar mace tana kiran wani ya rage rediyo.

"Aiki ba komai ba ne," ya ce. "Shekara biyu ce, ko da shi ko babu za ta wuce. Amma ranar Talatar nan da na dawo, na tara su a falo, da uwarsu da su huɗun, har na nesa aka kira a waya. Na ce musu ubanku ya tsufa, ya aika wa 'ya'yan mutane lalataccen magani, laifina ne, kada wanda ya zagi kamfani. Babbar ta yi kuka. Tun ranar uwarsu ba ta bari in fita ni kaɗai, wai kada in ɓata. Jiya da na ce musu na'ura ce, sai suka dubi juna. Sun ɗauka kamfani ne ya ji tausayin tsoho."

Ya taɓa ƙafar kujerar da yake ɗaurewa, sannan ya ci gaba.

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Wannan ki ba ni lokaci." Ya miƙe, ya jingine kujerar da bango, ya tura ƙofar ƙarfen. "Amma duk suna ciki, yau Asabar. Abin da kika faɗa mini, ki shiga ki faɗa musu da bakinki, yadda kika faɗa, kada ki rage. Ni sun daina yarda da ƙwaƙwalwata."

Ya yi sallama da ƙarfi, ya ce a kashe rediyo, an yi baƙuwa daga wurin aiki. Ta bi bayansa. Falon ƙarami ne, kujeru sun yi masa yawa. Matarsa ta fito tana goge hannu, 'ya'yan suka taso ɗaya bayan ɗaya, babbar da jariri a kafaɗa, suna yi mata sannu da zuwa da murmushi, aka nuna mata kujera mafi kyau. Ta zauna a bakinta. Baba Sito ya tsaya a ƙofa, ya harɗe hannu.

"Mama," ta ce, "Baba bai manta komai ba. Bari in fara daga farko."